Sanarwar Bayan Taron Masu Kiwon Kajin Gida Kan Ƙuma, Ƙwarƙwata da Kaska

Ƙungiyarmu ta masu kiwon kajin gida ta yi zamanta na shigowar damina ranar Asabar, a harabar makarantar firamare ta gari. An tattauna yadda za a raba kaji da ƙuma, ƙwarƙwata da kaska ba tare da an ɓata musu wurin kiwo ba. Maza da mata sun halarta, haka ma malamin dabbobi na yankinmu.

Taro ya lura cewa:

1. Kazar da ƙwari suka dama wuni take tana susa maimakon tono. Sai ta rame, ƙwai ya ragu, wata ma ta tashi daga kan ƙwanta kafin ta ƙyanƙyashe.

2. Kaska da wasu ƙananan ƙwari suna ɓuya da rana cikin tsagar akurki, da dare su fito shan jini. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

3. Fesa fiya-fiya a tsakar gida yana kashe gara, fara da tsutsa, waɗanda su ne abincin kazar gida. Wadda ta tsattsagi ƙwaron da guba ta kashe kuwa tana iya binsa, gubar kuma tana iya kaiwa ga ƙwan da yaranmu ke ci.

Don haka aka cimma matsaya kamar haka:

1. Kowane gida ya tanadi wurin birgima a inda ruwa ba ya taɓawa, a haɗa busasshen yashi da tokar murhu da ta huce.

2. A share akurki duk mako, a kai kashin kaji gona, a liƙe tsagogi da laka, a zuba toka da busasshen ganyen darbejiya a makwanci. A riƙa maimaitawa, domin ƙwan ƙwarƙwata kan ƙyanƙyashe cikin mako guda.

3. Kazar da ƙafarta ta yi kirci a shafa mata man ja ko man kaɗanya.

4. A cika tsohuwar tukunya da karmami da busasshen kashin shanu, a yayyafa ruwa, a kifa ta kusa da suri nesa da ɗakuna, a kwashe garar da ta taru a ciki da safe a ba 'yan tsaki.

5. Sabuwar kaza daga kasuwa a ware ta mako 2 kafin ta shiga cikin sauran.

Taro ya kuma ja kunnen 'yan ƙungiya cewa toka da darbejiya ba sa maganin annobar kaji ta lokacin hunturu. Wannan sai allurar rigakafi, irin wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, jihar Filato, ke samarwa. Duk wanda ya ga kajinsa na mutuwa a jere ya sanar da malamin dabbobi nan take, kada ya kai ragowar kasuwa.

A ƙarshe, muna roƙon maƙwabta masu feshi a gonaki da lambunan bakin gari su riƙa sanar da mu tun da daddare, domin mu tsare kajinmu a akurki.

Sa hannu:
Shugaba
Sakatariya