Na'ura Tana Ganin Rufi, Amma Ba Ta San Sunan Gari Ba

A da idan za a yi taswira, jirgin sama ne ke bi yana ɗaukar hotunan ƙasa, sa'an nan ma'aikatan safiyo su zauna suna duba hotunan bibbiyu ta cikin wani gilashi, suna zana hanya da kogi da gida ɗai-ɗai da hannu. Aikin lardi guda yakan ci shekaru. Yanzu kuwa kwamfuta ake miƙa wa hotunan, na jirgi ko na tauraron ɗan'adam. Da fari a nuna mata dubban gidajen da mutane suka zana har ta gane kamannin rufi, daga nan ta ci gaba da kanta. A 2021 kamfanin Google ya fito da zanen gine-gine miliyan 516 na Afirka, duk ta wannan hanya.

Amfanin hoton sama mun gan shi a gida. A da masu rigakafin shan-inna da taswirar da aka zana da ka suke yawo. Ƙauyen da mai zane ya manta, to, 'ya'yansa sun rasa ɗigon maganin ke nan. Da aka koma ga hotunan sama a Kano da sauran jihohin Arewa wajen 2012, sai ga ƙauyuka da rugage waɗanda ba su cikin lissafin kowa. Wannan yana cikin abin da ya taimaka har a 2020 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta asali.

Amma a ganina babban kuskure ne hukuma ta karɓi zanen na'ura ta ce aiki ya ƙare. Rufin kwano yana ƙyalli, ba ya ɓoyuwa. Soron ƙasa fa? Launinsa ɗaya da tsakar gidan da yake ciki. Bukkar da ke gindin tsamiya ba ta fita a hoto, rumbu kuwa sai a ƙirga shi ɗaki. Watau gidan mai hali ya shiga taswira, na talaka ya ɓace, alhali da wannan takarda za a raba rijiyar burtsatse da makaranta da ɗakin shan magani. Kuma na'ura ba ta san sunan unguwa ba, ba ta san hanyar da ke yankewa da damina ba, balle ta san Fulanin da ta gani bara sun yi ƙaura.

Saboda haka kafin a amince da kowace taswira, a kai ta gaban dagaci da mai unguwa su duba. Mu ma 'yan ajin labarin ƙasa muna iya ɗaukar wannan aiki a lokacin dogon hutu: kowa a buga masa takardar garinsu, ya bi lungu-lungu da fensir, ya sa sunaye, ya ƙara gidan da aka tsallake, ya kawo wa malam ranar da aka dawo makaranta.