Shin Lafiya Hajar Kasuwa Ce?

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata muhawara da ta daɗe tana raba kan masana: shin gwamnati ce ya kamata ta ɗauki nauyin jinyar jama'a da kuɗin haraji, ko kuwa a bar wa kasuwa, kowa tasa ta fisshe shi? Ni dai ina bayan ra'ayi na farko, ga kuma dalilina.

Wanda ya je sayen takalmi yana iya tayawa, in ba a sallama masa ba ya ƙara gaba. Amma matar da naƙuda ta kama da tsakar dare ba ta da wannan damar. Likita ne ya san ciwon, asibiti ne ke yanka kuɗi, ita kuwa sai dai ta biya ko ta rasa ranta. Wannan ai ba ciniki ba ne.

Mu dubi ƙasashe biyu. A 1948 Birtaniya ta kafa hukumar lafiya ta ƙasa, inda ake duba mai kuɗi da talaka ba tare da sun biya a bakin ƙofa ba. Amurka kuwa ta fi dogara da kamfanonin inshora. Tana kashe kusan kashi 17 cikin 100 na abin da tattalin arzikinta ke samarwa a kan lafiya, fiye da kowace ƙasa mai arziki, amma duk da haka mutanen Birtaniya sun fi Amurkawa tsawon rai.

Masu goyon bayan kasuwa ma suna da hujja. A 2023 jerin jiran aikin asibiti a Ingila ya haura miliyan 7. Sai dai jira ya fi a kore ka don aljihunka babu komai.

A nan Nijeriya, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun jama'a suke fitowa kai tsaye. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 na kasafin kuɗi, amma gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa nan ba. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya, sai dai doka a takarda ba ta sayen magani.

Saboda haka, a ganina, tsarin gwamnati zai yi aiki in an zuba kuɗi kuma an riƙe amana. Tamkar adashe ne: mai lafiya ya zuba yau, ya kwasa ranar da ya kwanta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.