Tsakure ba maƙala ba ne, ƴan uwa

Jiya da daddare wani ƙanenmu da ke aji huɗu ya turo min saƙo yana ta zagin shafukan mujallun ilimi. Wai sai su nuna maka taken maƙala da tsakure, kana gangarawa ƙasa su ce ka biya dala 35 ko ka shiga da sunan makarantarka. Na fahimci haushinsa sosai, domin ni ma na sha zama a ɗaki da data ta ƙarshe ina kallon wannan ƙofar a rufe. Amma ban yarda da shi ba cewa nuna rabin shi ne zaluncin.

Tsakuren nan alheri ne. Da ba a nuna komai, ta yaya za ka san maƙalar ta shafi aikinka? Kamar mai turare ne a kasuwa, ya shafa maka a bayan hannu ka shinshina. Farashin ne zalunci, wannan kam babu musu, musamman da yake malaman da suka rubuta ba a biyan su ko sisi.

Laifinmu kuma daban ne, kuma shi ne ya sa na yi wannan rubutun. Mukan karanta layi goma na tsakure mu kafa hujja da shi a babi na biyu kamar mun karance aikin. Ni kaina na yi. A zangon farko na digiri na biyu, malamin da ke duba aikina ya tambaye ni mutum nawa aka yi binciken a kansu, kuma a wace ƙasa. Wallahi shiru na yi, don ko shafi na biyu ban gani ba. Da na samu cikakkiyar daga baya, ashe sharaɗin da marubutan suka gindaya a ƙarshe ya rushe abin da na jingina musu.

Su kuwa shafukan da ke nuna babi na ɗaya na firojet kyauta su ce a turo kuɗi don sauran, wannan ba ciniki ba ne, tarko ne. Abin da suka sayar maka sun sayar wa wasu da dama, kuma Turnitin ba ya jin roƙo.

Kafin ka yi fushi ko ka biya, gwada waɗannan. A Google Scholar, ƙarƙashin kowane sakamako akwai wurin ganin sauran kwafe-kwafe, sau da yawa akwai na kyauta a rumbun wata jami'a. Unpaywall, idan ka saka shi a burauza, shi ke nemo maka halastaccen kwafi. JSTOR na barin mai rajista ya karanta wasu maƙalu kyauta duk wata. Ga DOAJ da AJOL. Sannan ka taka zuwa laburare ka tambayi me makarantarku ta yi wa rajista. Da yawanmu mu ƴan Arewa a nan Kudu muna jin nauyin tambaya, sai mu gama karatu ba mu taɓa karɓar lambar shiga ba.

Idan duk sun ƙi, adireshin imel ɗin marubucin yakan fito a wannan rabin da suka nuna maka. Rubuta masa layi uku cikin ladabi. Na rubuta wa huɗu, uku sun turo, ɗaya ma har da wata maƙalar da ban roƙa ba.