Littattafan Tashin Duniya na Amurka: Masu Yabo, Masu Kushe, da Ni

Na daɗe ina so in yi magana a kan wasu littattafai da na sha gani a wurin masu sayar da tsofaffin littattafan Turanci a bakin titi, irin waɗanda ake shimfiɗawa a ƙasa rana na dukansu. Na sayi na farko ne don arha kawai, ban san abin da ke ciki ba. Kafin in ankara na karanta huɗu a jere, sannan na yi tsalle na nemo na sha biyu don in ga yadda za a ƙare. Ina nufin jerin littattafan nan da ake kira Left Behind, wato "waɗanda aka bari", na Tim LaHaye da Jerry B. Jenkins.

Ga wanda bai taɓa jin labarinsu ba, kamfanin Tyndale House ne ya fitar da na farko a 1995. Daga nan aka yi ta sako su har guda 12 zuwa 2004, aka ƙara 4 daga baya, jimla 16, ban da wasu ƙanana guda 40 da aka rubuta don yara. An sayar da fiye da kwafi miliyan 60. LaHaye, wanda ya rasu a 2016, fasto ne, shi ke tsara yadda annabce-annabcen za su bi juna. Jenkins kuwa shi ne marubucin da ke zama ya mai da tsarin labari.

Labarin ya buɗe ne a cikin jirgin sama da dare, a kan tekun Atlantika. Matuƙin jirgin, Rayford Steele, mai mata ne da 'ya'ya biyu, amma zuciyarsa na kan wata ma'aikaciyar jirgin mai suna Hattie Durham, domin kuwa ya gaji da matarsa da ta riƙe addini kam-kam. Ana cikin tafiya sai fasinjoji da yawa suka ɓace ɓat, aka bar tufafinsu da takalmansu a kan kujeru. Haka ya faru a duk duniya a lokaci guda. Motoci sun yi ta karo don babu direba, ƙananan yara kaf sun tafi, har jariran da ke cikin ciki. Da Rayford ya isa gida sai ya tarar matarsa da ɗansa na cikin waɗanda aka ɗauke. Shi da 'yarsa Chloe, da wani ɗan jarida Buck Williams, da wani fasto Bruce Barnes da ya gane ashe imaninsa na fatar baki ne, su suka haɗa ƙungiya don fuskantar shekara 7 na tsanani. Abokin gabarsu shi ne Nicolae Carpathia, ɗan siyasar Romaniya mai kyan fuska da zaƙin baki, wanda ya zama Sakatare-Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya haɗe duniya a ƙarƙashin gwamnati ɗaya da addini ɗaya, ya kafa hedkwata a sabuwar Babila a ƙasar Iraƙi. Shi ne magabcin Almasihu, kwatankwacin wanda mu Musulmi muke kira Dujal.

Wannan ɗaukewa ita ce Kiristoci masu jin Hausa ke kira fyaucewa. Kuma a nan ne mai karatu ya kamata ya yi hattara, kada ya ɗauka duk Kirista haka ya yi imani. Fahimtar cewa za a fyauce masu bi a ɓoye kafin tsananin, sannan Almasihu ya sake dawowa a fili bayan shekara 7, ta bazu ne daga wa'azin John Nelson Darby a shekarun 1830. Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield, wanda ya fito a 1909, shi ya shigar da ita gidajen Amurkawa, sannan Hal Lindsey ya sake hura mata wuta a 1970 da littafinsa The Late Great Planet Earth. Masu wannan fahimta suna kafa hujja da wasiƙar farko zuwa ga Tasalonikawa sura ta 4, da littafin Daniyel da Wahayin Yahaya. Katolika da 'yan Otodoks da manyan tsofaffin majami'un Furotesta ba su karanta waɗannan ayoyi haka ba.

To, abin da ya fi ɗaukar hankalina ba littattafan ba ne, makarantansu ne. Ban taɓa ganin ƙagaggen labarin da ya raba kan masu karatu irin wannan ba.

Masu yabo ba sa cika yin magana a kan salo ko zubi. Abin da za ka ji shi ne littafin ya farkar da su, ko ya sa sun koma coci, ko sun saya wa miji ko ɗa da ya yi sanyi da addini. Wata manazarciya mai suna Amy Johnson Frykholm ta zauna da makaranta ta tattauna da su, ta fitar da littafi a 2004 mai suna Rapture Culture. Abin da ta nuna shi ne littattafan suna yawo ne daga hannu zuwa hannu a tsakanin dangi da abokai da 'yan coci ɗaya, kuma da yawa daga masu karantawa ba don murnar halakar wasu suke karantawa ba, fargaba ce ke cinsu game da waɗanda suke ƙauna, wasu ma game da kansu. Wannan ya yi daidai da abin da wata tsohuwar abokiyar aikina Kirista ta taɓa gaya mini. Ta ce tana yarinya an nuna masu fim ɗin A Thief in the Night na 1972, mai irin wannan jigo, kuma bayan nan duk ranar da ta dawo daga makaranta ta tarar gida shiru sai gabanta ya faɗi, ta ɗauka an kwashe kowa an bar ta. Tana faɗi tana dariya, amma na lura dariyar ba ta kai zuci ba.

Masu kushe kuwa kashi-kashi ne. Akwai malaman addinin Kirista da ke ganin an karkatar da nassi. Barbara Rossing, malamar tauhidi 'yar ɗarikar Luther, littafi guda ta rubuta a 2004, The Rapture Exposed, tana mai cewa Wahayin Yahaya littafin ƙarfafa zuciya ne da aka rubuta wa waɗanda daular Rum ke ƙuntata wa, ba jadawalin yaƙe-yaƙen zamaninmu ba. Bishop-bishop na Katolika na jihar Illinois sun fitar da sanarwa a 2003 suna gargaɗin mabiyansu, kuma ba za ka ga laifinsu ba, tun da a cikin labarin wani babban limamin Katolika ne ya zama shugaban addinin ƙarya na Carpathia. Akwai kuma 'yan jarida irin su Nicholas Kristof na New York Times, wanda bayan fitowar Glorious Appearing a 2004 ya yi tambayar da ta ɓata wa mutane da yawa rai: da a ce wani Musulmi ne ya rubuta littafin da ke murnar hallaka waɗanda ba Musulmi ba, yaya Amurkawa za su karɓe shi? Sai kuma Fred Clark, shi ma Kirista ne da ya tashi a cikin irin waɗannan majami'u, wanda tun 2003 ya ɗauki littafin farko yana feɗe shi shafi bayan shafi, ya shafe shekaru a kansa.

Ni dai ga inda na tsaya. Ban yarda da masu yi wa makarantan dariya ba. Mu Hausawa mun san zafin wannan raini. An yi shekaru ana kiran littattafanmu na soyayya adabin kasuwar Kano, ana ganin masu karanta su 'yan mata ne marasa aikin yi, har aka kai ga ƙona littattafai a Kano a 2007. Waɗanda suka tsaya suka tambayi masu karatun me suke samu a ciki su ne suka gano ana maganar auren dole da kishi da saki, abubuwan da ke damun mutane a gidajensu. Haka ma a nan. Matar da ta kwana tana karanta labarin Rayford tana tunanin mijinta ba wawuya ba ce. Kuma a ba Jenkins haƙƙinsa, ya iya ajiye babi a daidai inda dole ka buɗe na gaba. Da bai iya ba da ban karanta huɗu a jere ba. Desecration, na tara a jerin, shi ne ƙagaggen labari mai bango mai kauri da aka fi saye a Amurka a 2001, shekarar harin 11 ga Satumba, lokacin da mutane ke neman wanda zai gaya masu ina duniya ta dosa.

Sai dai kuma kare mai karatu daban, wanke littafi daban. Babban aibin waɗannan littattafai a wurina shi ne rashin juyayi, kuma Fred Clark ya riga ni gani. Ka yi tunani, ya kai mai karatu: an wayi gari babu ƙaramin yaro ko ɗaya a doron ƙasa. Babu na goye, babu ɗan firamare, mai ciki ta shafa ta ji wayam. A unguwarku kaɗai, wane irin kuka za a yi? Wace uwa ce za ta iya ɗora tukunya? Wane uba ne zai fita kasuwa? Marubucin da ya ƙirƙiro irin wannan masifa ya ɗauko wa kansa nauyin zama a cikinta. Amma a littafin, kafin a je ko'ina taurarin sun koma neman layin tarho da hanyar sufuri, ana shirya taron manema labarai, har soyayya ta fara tsiro tsakanin Buck da Chloe. Iyayen da suka rasa 'ya'ya sun zama adon bango. Dalili kuwa a bayyane yake: marubutan suna gaggawar isa annabci na gaba a jadawalin LaHaye, don haka ba su da lokacin zaman makoki.

Wannan jadawali shi ne ya ɗaure labarin tamau. A ƙagaggen labari na ƙwarai, kana bin tauraro ne don ba ka san me zai zaɓa ba, kuma zaɓinsa na iya sauya ƙarshe. A nan kuwa babu abin da Rayford zai yi ya hana ko ya jinkirta komai, shi ma ya san haka tun da an karanta masa jerin abubuwan da za su zo. Saboda haka aikinsa ya zama kallo. Har ma an mai da shi matuƙin jirgin Carpathia, Buck kuma ma'aikacin gidan jaridarsa, don kawai su kasance kusa su ba mu labari. Mutane biyu ne iri a duniyar littafin, wanda ya karɓi saƙo da wanda ya ƙi, kuma da zarar mutum ya karɓa sai maganarsa ta koma iri ɗaya da ta sauran. Na yi ta neman mutumin kirki guda da ya saurari hujja da zuciya ɗaya amma bai gamsu ba, irin mutanen da kowannenmu ya sani a rayuwa. A iya abin da na karanta ban gamu da shi ba.

Sannan ga siyasa. A cikin labarin, duk mai maganar zaman lafiya da kwance ɗamarar yaƙi da haɗin kan ƙasashe abin zargi ne, domin da wannan harshe Carpathia ya yaudari duniya. Yarjejeniyar sulhu da Isra'ila ita ce ƙararrawar fara tsananin. Yahudawa na da matsayi babba a labarin, amma ƙarshensu ko dai su karɓi Almasihu kamar malamin nan Tsion Ben-Judah, ko su halaka. Za a ce ai labari ne. To amma marubutan da kansu ba su sayar da shi a matsayin tatsuniya ba, sun ce sunaye ne kawai ƙage, tsarin abubuwan kuwa haka suka yi imani zai faru. Mutum miliyan nawa ne suka fara sanin Wahayin Yahaya ta bakin Jenkins kafin su buɗe nassin da kansu? Irin wannan mai karatu ba zai iya rabe inda aya ta tsaya da inda ƙirƙira ta fara ba, kuma da wannan fahimta zai je rumfar zaɓe a ƙasar da ta fi kowace ƙarfin soja.

Kada mu ɗauka mun tsira daga wannan. Tsammanin ƙarshen zamani ya taɓa tayar da mutanenmu daga gidajensu. Dubbai sun bi Sarkin Musulmi Attahiru suka nufi gabas a 1903, aka tare su a Burmi, waɗanda suka tsira wasunsu suka zarce har Sudan, inda jikokinsu suke a Mai Wurno. An yi ta Satiru a 1906 da sunan Mahadi. Muna kuma da tsohuwar al'adar waƙoƙin wa'azi masu siffanta kabari da wuta dalla-dalla don a tsorata mai sauraro. Bambancin shi ne mai waƙar wa'azi yakan sa kansa a sahun masu tsoro, yana roƙa wa kansa gafara tare da kowa. Abin da na rasa ke nan da na kai Glorious Appearing. A can Almasihu na magana, jikunan rundunar abokan gaba na tsagewa, jini na malala, taurarin labarin kuma na tsaye a gefe suna kallo cikin natsuwa, an kuma tanadar wa mai karatu wuri a kusa da su.

Kusan kowane marubucin Hausa da ka tambaya me ya sa yake rubutu zai ce don faɗakarwa. Ban ƙi ba. Kuma na tabbata wata rana wani a cikinmu zai ɗauko hadisan alamomin tashin ƙiyama, da Dujal da Yajuju da Majuju da saukowar Annabi Isa (AS), ya gina labari mai littafi goma a kansu, kuma zai yi kasuwa. Ranar da ya fito, tambayoyin da na yi wa LaHaye da Jenkins su zan yi masa: wace ƙasa ya ba Dujal, wace ƙabila ko ɗarika ya sa a rundunarsa, kuma shafi nawa ya ware wa matar da ta rasa ɗanta a babi na farko.