A ajiye dusar ƙanƙara, a ɗauko kalangu: magana kan gasar bidiyon Kirsimeti

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu: Rubutun zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri ku kai ƙarshe.

Da yawanku kun ga sanarwar gasar nan da ake ta turawa: a haɗa ɗan gajeren bidiyo na Kirsimeti, kada ya wuce minti 2, kuma kiɗan da ke ciki ya zama naka ne na kanka. Tun da ta fito nake jin mutanenmu na ƙorafi a kan sharaɗin kiɗan. Wai ina muka ga kuɗin situdiyo, wai wannan gasa ce ta 'yan Legas masu kayan aiki. Ni kam ina ganin akasin haka. Wannan sharaɗin shi ne ƙofar da aka buɗe mana, in har za mu daina kwaikwayo mu kawo abin da muke da shi a gida.

Ku lura da irin bidiyon da ake yi duk shekara. Itace mai fitilu, jar hula, ƙararrawa, sai a ɗora farin abu yana zubowa daga sama wai dusar ƙanƙara. A Ibadan! Ga mutum yana zufa, ga ƙanƙara na sauka a kansa. In ɗalibi ɗari suka shiga gasa, mafi yawansu haka za su yi. Alƙali kuwa in ya kalli goma iri ɗaya, na sha ɗaya ba ya ma ganinsa.

To mu fa? Mu Kirsimetinmu a tsakiyar hunturu yake zuwa. Hazo ya rufe duwatsun Jos, leɓe ya tsage, ana shafa wa yara man kaɗanya suna kuka. An gama kaka, rumbu ya cika. Tela ya yi alkawarin ɗinki ya ɓuya. Mata na layi wurin kitso, zumuntar mata sun fitar da anko suna gwajin waƙa da tukunya da caki har dare. Da rana ta yi sai ka ga yara ɗauke da kuloli, shinkafa da miya da cincin, gida-gida, har gidan Malam da ke tsallaken titi, kamar yadda shi ma yake aiko da nama ran Babbar Sallah. Wa ya taɓa nuna wa abokan karatunmu na nan wannan?

Wannan tambayar ita ce ta sa ni rubutu. Shekarata ta biyu ke nan ina digiri na biyu a nan, kuma har yau in na ce da Hausa ake wa'azi da waƙa a cocinmu na gida, sai a dube ni kamar na yi tatsuniya. A tunanin mutane da dama, Arewa abu ɗaya ce, kala ɗaya, addini ɗaya, labari ɗaya, shi ma na tashin hankali. Alhali cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito tun 1932. Cocin St. Bartholomew na Wusasa a Zariya, ginin ƙasa irin na magina Hausawa, yana tsaye tun 1929. Majami'un ECWA da COCIN da EYN, daga Kafanchan zuwa Gindiri zuwa Mubi, da Hausa jama'arsu masu harsuna daban-daban ke haɗuwa. Panam Percy Paul da Jeremiah Gyang da Solomon Lange duk sun yi waƙoƙi da Hausa da aka ji a faɗin ƙasar nan. Kudu ta iya tallata nata. Kalaba na yin bikinta na Disamba tun 2004, Akwa Ibom ta tara mawaƙa sama da 25,000 a Uyo a 2014 har ta shiga kundin Guinness. Ba laifinsu ba ne in ba su san namu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, shi kuma ya san inda ya ajiye kayan adonsa.

Yanzu maganar kiɗa. Da farko, kada wanda ya ce zai ɗauko sauti a TikTok ya ɗan sauya shi ya ce nasa ne. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta kare waƙa tsawon ran mai ita da shekara 70 bayan rasuwarsa. YouTube da Facebook kuma suna da na'urar da ke gane sauti, kana ɗorawa za a iya toshe muryar bidiyon ko a sauke shi gaba ɗaya. Wani zai ce ai Jingle Bells tsohuwa ce, tun 1857. Gaskiya ne, amma wanda ya rera ta ya naɗa bara yana da haƙƙi a kan naɗinsa, kuma ko kai ka rera da bakinka, ba kai ka tsara ta ba. Haka waƙar zumuntar matan garinku. Don ba a rubuta sunan kowa a kai ba, ba ya nufin ba ta da mai ita. Akwai wata mama da ta zauna ta haɗa ta. In kana so, ka nemi izini, ka sa sunanta.

Masu cewa za su sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta haɗa musu, ni ban goyi baya ba. Ko da dokar gasar ta yi shiru a kai, me ka koya? Kuma ku saurari yadda take furta Hausa. Harshenmu na karin sauti ne. Fari na launi daban, fari na rashin ruwan sama daban, fari na farko daban, hawa da saukar murya da tsawon wasali ne ke raba su. In karin waƙa ya ja murya sama inda kalma ke son sauka, sai ka faɗi abin da ba ka yi niyya ba. Shi ya sa shawarata ita ce ka fara rubuta layin amshi guda ɗaya, ka yi ta faɗarsa da baki kamar kana magana, ka ji inda murya ke hawa da inda take gangarowa. Karin yana nan cikin kalmomin, fito da shi kawai za ka yi. Haka makaɗanmu suke yi tun fil azal: jagora ya ba da baiti, 'yan amshi su karɓa. Minti 2 ba ya buƙatar fiye da amshi ɗaya da baiti biyu.

Kayan aiki kuwa, wallahi ba su kai yadda ake zuzutawa ba. Ƙwarya a kife da 'yan sanduna biyu kiɗa ce. Tulu kiɗa ne. Tafin mutum huɗu kiɗa ne. In kuna son kalangu, ku leƙa Sabo ta Ibadan, ko Agege da Idi-Araba a Legas, ku tambaya, inda ake biki ba a rasa makaɗi. Amma ku biya shi haƙƙinsa, kada ku ce masa ai zai yi suna. BandLab kyauta ce a waya, Audacity kyauta ce a kwamfuta. Ku naɗi kiɗan tukuna, sannan mai waƙa ya sa iyafis ya ɗora murya a kai. Ku jingina katifa a bango, ku rataya bargo a taga, ku kashe fanka, ku zaɓi lokacin da janaretan maƙwabta ya yi shiru. Sai waƙa ta kammala sannan a yanka hotuna su bi bugun ganga. Mai kallo zai yafe hoto mai ɗan duhu, amma ba ya yafe sauti mai ƙara. Ku sa fassarar Turanci a ƙasa, don alƙalai su bi ku.

Na san za a ce ai muna nan, gida na can, ta yaya za mu ɗauki hunturun Arewa kafin a rufe gasa? Labarin ai ba sai ran 25 ga wata yake farawa ba. Ɗalibi na ƙirga kuɗin mota a tasha labari ne. Kiran da uwa take yi tana tambaya ko bana za a zo, labari ne. Ƙanwarka na iya turo maka daƙiƙa goma na hazo a kan dutse. Ku ɗauki abu ɗaya tak ku bi shi, misali kular abinci daga murhu har ƙofar maƙwabci, da yadda take dawowa ba wayam ba.

Akwai abu biyu da nake roƙo a kiyaye. Na ɗaya, kada mu sayar da hawayen mutanenmu don kyautar gasa. Ba mu manta Madalla a 2011 ba, ba mu manta Bokkos da Barkin Ladi a jajibirin Kirsimetin 2023 ba. Wanda abin ya shafa, in ya ga dama ya ba da labarinsa, haƙƙinsa ne. Amma ɗauko hoton gawa ko fuskar maraya a ɗora kiɗan tausayi don a burge alƙalai, wannan cin amana ne. Duk fuskar da za ta fito, a tambayi mai ita, yaro kuma a tambayi iyayensa.

Na biyu, 'yan uwanmu Musulmi. Wani zai riƙe kyamara ko ya taya gyaran hoto da zuciya ɗaya, wani kuma zai ce aƙidarsa ba ta ba shi dama ba. Duka biyun a mutunta su. Kada a matsa wa kowa, kada a yi wa kowa gori. Bidiyon da ke nuna zaman maƙwabtaka bai kamata ya zama sanadin ɓata zumuncin da muke da shi a nan ba, inda in an kira ɗayanmu aboki da raini, duk mu ake nufi.

Ƙarin shawara: kafin ku fara, ku rubuta a takarda wa ya yi waƙa, wa ya yi kiɗa, wa ya ɗauki hoto, da yadda za a raba in an ci. Kuɗi kan raba uwa da ɗa, balle 'yan ɗaki ɗaya.

Ko ba mu zo na ɗaya ba, waƙar za ta zama tamu, za a iya rera ta a gida baɗi, ba mai sauke ta. Masu murya, masu iya bugun ƙwarya, masu waya mai kyau, ku nemi juna tun jarabawa ba ta matso ba.

Allah ya ba mu sa'a, ya kai matafiya gida lafiya. Barka da Kirsimeti tun daga yanzu.