Kada Garin Gyaran Gira A Rasa Ido

Yau mun ɗan ajiye labarin soyayya gefe, za mu leƙa Amurka kan wata magana da ta tsaya mini a rai.

Wani ɗan aminina da ke karatu a can ne ya bugo mini waya, wai ya tsinci tsohuwar banjo ya saya, mai tsirkiya huɗu, yana neman gwanin da zai mayar masa da ita mai biyar. Ga wanda bai san ta ba, banjo 'yar uwar gurmi da molo ce. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa ta da ƙwarya da fata a tsibiran Karebiyan da Amurka, daga baya masana'antu suka mayar da ita ta katako da ƙarfe.

To me ya sa ake wannan juyi? A shekarun 1920 kiɗan jaz ne ke tashe, shi kuwa da mai tsirkiya huɗu da ake kira tena ake yin sa, mai gajeren wuya, gaɓa 17 ko 19. Saboda haka kamfanoni irin su Gibson da Vega suka yi ta ƙera ta, mai biyar kuwa kaɗan suka yi. Kwatsam a 1945 Earl Scruggs ya shiga ƙungiyar Bill Monroe yana kaɗa mai biyar da yatsu uku, sai kasuwa ta juya. Kowa na son sautin tsohuwar Gibson ta shekarun 1930, amma masu biyar na asali ba su wadata ba. Dabarar da aka gano ita ce a kwance wuyan tena, a sassaƙa sabon dogon wuya mai gaɓa 22, da gurbin gajeriyar tsirkiyar nan ta biyar da ke farawa daga gaɓa ta biyar, a ɗaura wa tsohon ƙoƙon. Ai a ƙoƙon yawancin sautin yake, wato kewayen katako da zoben tagullar da ke ƙarƙashin fata.

Wasu na ganin wannan ɓarna ce. Suna cewa tena ba ta mutu ba, har gobe makaɗan gargajiya na Ayilan da ita suke kiɗa, don me za a yi ta cinye ta? Maganarsu abar dubawa ce. Amma ni ban ga laifin juyin ba, don abin kiɗan da ke kwance a ƙarƙashin gado da shi da babu duk ɗaya. Kuma gajeriyar tsirkiyar nan ba baƙuwa ba ce, tun banjon ƙwarya ta bayi akwai ta, kamar yadda take a akontin na mutanen Jola na Sanagal da Gambiya.

Inda gizo ke saƙar shi ne hannun da za a ba aikin. Abin da na gaya wa yaron nan ke nan: gwanin ƙwarai ana gane shi ne da abin da ya ƙi yi. Idan ka je ya ce zai ɗan rage katakon ƙoƙon don ya saka sabon zobe, ko zai huda sabon rami, ɗauki kayanka ka kama gabanka. Wuya ake sassaƙawa ya bi ƙoƙo, ba a sassaƙa ƙoƙo ya bi wuya. Katakon da ya kusa shekara 100 in aka yanke shi, ba mai mayar da shi. Na ƙwarai zai nemi ka kawo masa ƙoƙon ya auna da hannunsa, zai gaya maka in kayan naka bai kai a kashe masa kuɗi ba, kuma zai mayar maka da tsohon wuyan da duk wata kusa da noti da ya kwance. Ka adana su, don ranar da wani zai so ya mayar da ita yadda take.

Sai batun amana. Wasu gwanaye kan kwaikwayi adon kamfani har ba a iya bambancewa, gobe wani ya sayar da ita a matsayin mai biyar ta asali da ninkin kuɗi. Mai tsoron Allah yakan sa hannu da shekarar aiki a gindin wuyan, inda duk wanda ya kwance zai gani. Wanda ya ƙi yin haka, akwai lauje cikin naɗi.

Kada kuma gaggawa ta ɗebe ka. Masu wannan sana'a ba su da yawa, sau da dama sai ka jira watanni. Ka nemi ganin aikin da ya taɓa yi, ka tambayi makaɗan da suka ba shi, gani ya kori ji. Araha kuwa ba ta ado.

Tsohon abu aro ne a hannunmu. Wani ya riƙe shi kafin mu, wani zai riƙe bayanmu. Ka more shi yadda kake so, amma ka bar wa na baya ƙofar komawa.

Allah Ya haɗa mu da masu amana. Sai mun haɗu a mako na gaba.