Wai Namu Ya Fi Na Maƙwabta Araha

Duk ran da aka ƙara kuɗin man fetur, ko na lantarki, ko aka ɗora wani sabon haraji, ba a kwana biyu sai wani babban mutum ya hau rediyo ya ce mu gode wa Allah, wai abin da muke biya bai kai na maƙwabtanmu ba. Ya kawo Nijar, ya kawo Cadi, ya kawo Gana, in zancen ya yi masa daɗi ya haye teku ya kawo Ingila. Mutanen Babban Giji da Gyadi-Gyadi da sauran unguwannin Tarauni sun sha jin wannan karatu har sun haddace shi. To, tun da gwaji ake so, mun yarda a yi gwaji, amma fa da mudu ɗaya, kuma a auna har gindin buhu.

Bari mu fara da wanda ya fi kowa fito da zancen fili. Ran 1 ga watan Oktoba, 2020, ranar da ƙasar nan ta cika shekara sittin da samun mulkin kai, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, ya karanta wa jama'a lissafi cikin jawabinsa. Ya ce ana sayar da litar mai a Nijeriya naira 161, a Cadi 362, a Nijar 346, a Gana 326, a Masar 211, a Saudiyya 168. Sa'an nan ya rufe da cewa ba daidai ba ne mai ya fi araha a nan bisa ga Saudiyya. Ba mu ƙaryata ko lamba ɗaya daga ciki ba. Abin da muke tambaya shi ne, ina ɗaya shafin littafin?

Kowane yaro da ya zauna a aji uku ya san ba a cewa abu yana da tsada ko araha sai an san abin da ke aljihun mai saye. A wannan shekara ta 2020 mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 30,000 ne a wata. Raba shi da 161, za ka sami lita 186. A Saudiyya kuwa mafi ƙarancin abin da ake lissafa wa ɗan ƙasa a lokacin riyal 3,000 ne, watau dalar Amurka 800, wajen naira dubu ɗari uku ke nan bisa canjin Gwamnati na ranar. Raba shi da 168 ɗin da aka karanta mana, za ka sami lita wajen 1,800. Ashe ƙaramin ma'aikacin Jidda yana iya sayen man da mutum goma irinsa za su saya a Kano. Bambancin naira bakwai aka nuna mana, aka ɓoye mana bambancin ninki goma. Alhazanmu da suka je suka gani da idonsu, suka ga hanya da asibiti da wutar da ba ta ko ƙiftawa, su ne shaidunmu.

Game da Nijar kuwa, a 2020 maganarsu tana da ƙafar tsayawa, ba kuwa za mu hana su ita ba. Mafi ƙarancin albashi a can jika talatin ne da 'yan kai na kuɗin sefa, lita kuwa sefa 540, watau albashin wata bai kai lita 56 ba. Namu lita 186. Lalle a ran nan ɗan Kano ya fi ɗan Maraɗi sauƙin mai. Amma ku dubi abin da ya biyo baya.

Ran 29 ga watan Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya tsaya a dandalin rantsuwa ya ce tallafin mai ya tafi. Kafin kwana uku kamfanin NNPC ya mai da lita naira 540 a Kano, daga ƙasa da ɗari biyu. Cikin watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, ta kuwa yi ta gangara. Zuwa Oktoban 2024 lita ta kai naira 1,030 a gidajen man NNPC na Abuja. A watan Yulin wannan shekara aka sa hannu kan sabon albashi na naira 70,000, aka buga ganga aka yi ta yi wa juna barka, Gwamnatin Kano ma ta ɗora dubu ɗaya a kai. Raba 70,000 da 1,030: lita 68. Daga 186 zuwa 68 cikin shekara huɗu, kuma wai an yi ƙarin albashi ke nan!

A can Nijar fa? Tun farkon 2024 suka ɗaga nasu albashin zuwa jika arba'in da biyu, cikin Yuli kuma suka rage lita daga sefa 540 zuwa 499. Lita 84 ke nan. Ƙasar da aka riƙa nuna mana da yatsa don mu yi godiya, ita ce ta wuce mu. Ba mu ce Nijar aljanna ce ba. Ƙasa ce matalauciya, sojoji suka karɓi mulkinta tun Yulin 2023, kuma a watan Maris na 2025 su ma sun yi dogon layi a gidajen mai. Amma su wa suka fara kawo ta cikin zance? Ba mu ba ne.

Ga inda dabarar take, jama'a, ku lura da kyau. Ko a Oktoban 2024 ɗin nan, in ka juya sefa 499 zuwa kuɗinmu, za ta haura naira 1,200. Saboda haka babban mutum yana iya hawa rediyo ya rantse cewa mai ya fi araha a Kano bisa ga Maraɗi, kuma ba za a kama shi da ƙarya ba. Dalili kuwa, jika ɗaya ta sefa wadda ba ta kai naira ɗari bakwai ba a 2020, a ƙarshen 2024 ta haura naira 2,500. Muddin naira tana faɗuwa, kayan kowace ƙasa za su yi ta zama masu tsada in an juya su zuwa naira, namu kuma su yi ta zama masu araha a idon baƙo. Watau dai da raunin kuɗinmu ake yi mana gori. Wanda ya shigo kasuwar Dawanau da sefa a aljihu, shi ne ya ga araha, ya cika mota da gero da masara ya yi arewa. Matar da ta je kasuwar Tarauni da naira, ita ta dawo da rabin kwano. Haka kujerar Makka: a 2023 ba ta cika naira miliyan uku ba, a 2024 ta haura miliyan shida. Makka dai ba ta ƙara nisa ba.

Masu son ambaton Ingila kuma, mu bi su can. Gaskiya ne, a 2024 litar mai a Ingila ta kusa fam ɗaya da rabi, in an juya ta haura naira dubu biyu. Amma daga Afrilun wannan shekara doka ta hana a biya baligin ma'aikaci ƙasa da fam 11.44 a awa ɗaya. Kafin mai shara a Landan ya yi minti goma da tsintsiya a hannu ya sami kuɗin lita. Namu mai naira dubu saba'in, in yana aikin awa takwas kwana ashirin da biyu, awarsa ba ta wuce naira ɗari huɗu ba. Sai ya yi awa biyu da rabi kafin ya ga lita ɗaya. Bature kuma abin da yake kashewa a kan abinci bai kai kashi 15 cikin ɗari na kuɗin gidansa ba. Mu kuwa Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ta Gwamnati ce ba tamu ba, ta auna a 2019 ta ce fiye da rabin abin da gidajen Nijeriya ke kashewa ciki ne ke cinye shi. Wannan tun kafin tsadar abinci ta haura kashi arba'in cikin ɗari a tsakiyar 2024. Mutumin da rabin samunsa tuwo ne, in mudu ya ninka, me zai rage? Sai dai ya rage tuwon.

Duk wannan lissafi ma mun yi musu rangwame, domin mun ɗauka kowa yana karɓar dubu saba'in ɗin. Wa ke karɓarta a Babban Giji? Dokar albashi ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da ashirin da biyar ba. Tela da yaransa, mai gadin gidajen manya, malamar makarantar kuɗi, yaron shago a titin Zoo, mai tura ruwa a kura, mai awara a bakin layi, babu wanda doka ta sani a cikinsu. Ɗan adaidaita sahu sai ya fid da kuɗin mai da balas na mai keke kafin ya san ko akwai cefane, shi kuma dole ya ɗora wa fasinja, fasinjan kuwa maƙwabcinsa ne. Mai jinya da ya fito daga asibitin Malam Aminu Kano da takardar magani a hannu, maganin nan da dala aka shigo da shi, ko da yake shi bai taɓa riƙe dala ba. Matan da ke gasa gurasa a cikin birni ba don sha'awa suka fito titi a Fabrairun 2024 ba, fulawa ce ta gagare su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ba ya bukatar a aiko masa labarin rufin Cadi.

In ma da wata ƙasa da ya kamata a gwada mu da ita, to Nijeriya ce ta iyayenmu. A 1981, bayan yajin aikin da ƙungiyar ƙwadago ta yi a zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka tsai da mafi ƙarancin albashi naira 125. Kada ku yi dariya. A lokacin naira ta fi dalar Amurka daraja, kuɗin nan sun kai dala ɗari biyu. Dubu talatin ta 2019 ta ɗan haura dala tamanin. Dubu saba'in a ƙarshen 2024 ba ta kai dala hamsin ba.

Za su ce mana tallafin mai ɓarayi ne ke cinye shi, kuma ana kwashe man ana fita da shi ta Jibiya da Maigatari. Mun ji, mun kuma yarda. Kwamitin Majalisar Wakilai ya tona wannan asiri tun 2012. Amma wa ke riƙe da kan iyaka? Wa ke sa hannu a takardun biya? Ɓarawo ya shiga rumbu, sai mai gadi ya ce maganin abin a hana 'ya'yan gida hatsi. Matatun Gwamnati guda huɗu, ta Kaduna da ta Warri da biyu na Fatakwal, an gina su don su tace ganga 445,000 kowace rana, suka shekara da shekaru a kwance ana zuba musu kuɗin gyara, har sai da wani ɗan kasuwa ɗan Kano ya gina tasa a Ikko. Nijar kuwa da 'yar matatarta ta Damagaram mai ganga dubu ashirin take ta lallaɓawa tun 2011. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Akwai kuma wani gwaji da ba mu taɓa jin an hau rediyo an yi ba. A watan Agustan 2024, watan da yunwa ta fito da matasa kan titi har aka sa dokar hana fita a Kano, Sanata Kawu Sumaila na Kano ta Kudu ya gaya wa sashen Hausa na BBC cewa abin da ke shigo wa sanata kowane wata ya kai naira miliyan 21. Mun gode masa da ya faɗa, sauran sun yi gum. An ce yawancinsa kuɗin tafiyar da ofis ne. To, ko na mene ne, albashin ƙananan ma'aikata ɗari uku ke nan a hannun mutum ɗaya. A Ingilar da suke so, albashin ɗan majalisa a 2024 fam 91,346 ne a shekara, wajen ninki huɗu na mai ƙaramin albashi, kuɗin ofis kuma sai ya kawo rasit, a buga kowa ya gani. Me ya sa mudun Ingila yake aiki a gidan mai, amma in an zo ƙofar Majalisa sai a kife shi?

Farashin mai ya yi ta hawa da sauka tun daga lokacin, kuma mun tabbata ran da ya sāke hawa za a sāke karanto mana Cadi da Gana. Muna kira ga duk ministan da zai yi wannan karatu, ya haɗa da albashin lebura na ƙasar, da kuɗin buhun hatsi, da abin da ɗan majalisarsu ke ɗauka, ya karanta su a zama ɗaya. Kafin nan, muna roƙon 'yan'uwa na rassanmu na Babban Giji da Gyadi-Gyadi da Darmanawa da Unguwa Uku, kowace Juma'a su rubuto kuɗin kwanon gero da na masara da na shinkafa a kasuwar Tarauni, da kuɗin adaidaita daga Dangi zuwa Bata, su miƙa wa sakataren reshe. Direbobinmu masu zuwa Maraɗi za su kawo na can. Za mu riƙa buga su gefe da gefe a wannan shafi, tare da kwanan wata.